Ku yi wa tsohuwa maɓalli

Da ku nake, 'ya'yanmu masu ilimin kwamfuta. Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuna ta bin gidaje a nan Morrisania kuna ɗora wa tsofaffin laftof Linux Mint ko Ubuntu. Madalla, Allah ya yi albarka. Amma kuna barin aikin a rabi, kuma na gaji da yin shiru.

Ɗan yayata ya yi wa Hajiyarmu irin wannan gyara. Ya rubuta mata 'yan layukan umarni na bash, waɗanda ke kwashe hotuna da takardun zama da saƙonnin muryar marigayi Baba zuwa filas. Layukan ba su da aibu. Sai ya ce, "Kaka, duk Juma'a ki buɗe baƙin allon nan, ki rubuta kaza, ki danna." Matar da ajami kawai ta iya! Ta ce to. Kun dai san "to" ɗin tsofaffi. Wata huɗu ba ta taɓa shi ba, ranar nan faifan kwamfutar ya mutu, muryar Baba ta tafi ke nan.

A wurin aikina ba ma miƙa wa dattijo kwalabe shida mu ce ya karanta. Akwatin magani mai gida bakwai muke cika masa, kowace rana da nata murfin. Idan bai sha ba, kanmu muke fara tuhuma.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maɓallin ba ya cin minti goma. Ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da .desktop. A samansa a rubuta [Desktop Entry], sai Type=Application, sai Name, sunan da za ta gani, sai Exec, cikakkiyar hanyar da umarnin yake, sai Icon, hoton da za ta gane. A sa Terminal=false don kada baƙin allon ya fito ya tsorata ta. A ba rubutun izinin aiki da chmod +x, a ajiye fayil ɗin a ~/.local/share/applications. Shi ke nan fa. Har Name[ha] akwai, don sunan Hausa. Mai Mac kuma yana da Automator tun 2005. A ƙara layi ɗaya na notify-send ya nuna mata an gama, in ba haka ba za ta danna sau goma.

Na san abin da za ku ce: ai gara su koya. Ita ta koya muku cin tuwo da hannun dama, ba ta ba ku takarda ta ce ku karanta ba. Shekarunta 74, idonta da yana. Ba don ita kuke so ta koya ba, kuna jin daɗi ne a ce sai an kira ku.

Yanzu na sa shi ya yi mata. Hoton hular Baba ne a kan maɓallin, sunansa "Adana". Abin da zai adana ne ya ragu.