Zamanin Samanja Bai Biyo Ta Liba Ba

Duk majalisar da aka tayar da zancen fim, sai ka ji wani ya girgiza kai ya ce wasan kwaikwayo ya ƙare tun zamanin Samanja da Ƙasimu Yero, na yanzu kuwa kwashe-kwashen Amurka da Indiya ne. Allah ya jiƙan mutanen nan biyu, gwanaye ne. Amma su wa suka kalle su?

An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977. Akwatin kuwa yana falon ma'aikacin gwamnati da attajirin birni, inda wutar NEPA ta isa. Manomin gero a Liba da mai albasa a Aliero, rabonsu rediyo ne, sai majigi idan hukuma ta ga dama ta turo mota, a kafa farin ƙyalle a fili a nuna musu Baban Larai don su koyi noman auduga. Wanda ke kukan wancan zamani, ƙuruciyarsa ta birni yake wa kuka, ya daina cewa da yawunmu yake magana.

Tsabtar da ake yabo ma, a bincika. A akwatin nan ne yara suka haddace Hulk Hogan da 'yan kokawar Amurka masu ɗan kamfai. Samanja kansa, Usman Baba Pategi, tsohon soja ne, kuma da Hausar bariki mai gauraye da Turanci ya sa Arewa dariya. Da yau ya fito, masu yabonsa ne za su fara cewa yana kashe harshe.

Je ka kasuwar Jega ka tsaya a rumfar masu tura fim. Wayoyi jere a kan tebur suna caji da hasken rana, yaro na gaban kwamfuta yana tambaya, "Baba, kashi na nawa ka tsaya?" Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa zama gaban NTA ba, yau a Maiyama tana tsintar shinkafa tana bin Labarina ko Izzar So, har tana yanke wa jarumin hukunci. Ɗan ƙauye bai taɓa samun wasa da harshensa a tafin hannu ba sai yanzu, kuma daidai nan ne aka ce abin ya lalace.

Hannun Amurka yana ciki, ban musa ba. Da tallafin gwamnatinta aka buɗe Arewa24 a 2014. Shiri mai dogon zango ma can aka rene shi, a rediyo, cikin shekarun 1930, da kuɗin kamfanonin sabulu masu son matan gida su dawo gobe su ji talla. Guiding Light ya fara a 1937, bai tsaya ba sai 2009. Ciwon da muka ɗauko ke nan: jan labari. Rigimar gado da za a kashe a kashi biyar sai ta kai kashi ɗari, saboda YouTube da masu talla yawan kallo suke biya. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma maganinta marubuta ƙwararru da wurin horar da su.

A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina irin wannan wuri, ƙauyen fim, a Kofa ta jihar Kano. Masu cewa fim ya lalace suka yi ca, har aka janye shirin.