Gidan Katta: Da wane harshe za a koya wa yaro sanin sauro da dodon koɗi?

Cikin darussan farko da manhajar kimiyya ta tanadar wa ɗan firamare akwai bambance abu mai rai da marar rai. A Gidan Katta, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, yaron da za a yi wa wannan darasi ya riga ya yi nisa kafin ya taka ƙofar aji. Ya kai awaki kiwo, ya ga yadda gero ke tsira bayan ruwan shuka, ya san lokacin da tsuntsayen jan baki ke faɗa wa gona, kuma ba ya rikita uda da balami. Turancin waɗannan abubuwa ne kawai bai sani ba. Tun daga watan Nuwamban 2025 kuwa, matsayin Gwamnatin Tarayya shi ne da Turanci za a koyar da shi, daga ajin share fage har jami'a.

Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, shi ya bayyana wannan mataki a wani taro kan harshe da ilimi da aka yi a Abuja, inda ya ce an soke manufar koyarwa da harshen uwa. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi rungumar koyarwa da harshen gida. Manufar da aka soke ba ta daɗe ba. A ƙarshen Nuwamban 2022 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya, lokacin da Malam Adamu Adamu ke riƙe da ma'aikatar, ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Kafin nan ma, tsohuwar Manufar Ilimi ta Ƙasa ta daɗe da tanadar koyarwa da harshen al'umma a shekaru uku na farko.

Akwai abin da ya kamata a tuna. A ranar da ya sanar da manufar ta 2022, Adamu Adamu da kansa ya yarda cewa aiwatar da ita sai an samar da littattafai da ƙwararrun malamai. Ɗaliban da suka zauna jarrabawar kammala sakandare daga 2023 zuwa 2025 sun bar firamare tun kafin a amince da ita. Ɗora mata alhakin faɗuwarsu zai yi wuya, tun da ba ta taɓa riskar su a aji ba.

Garin da dabba ce jari

Illela na kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, tana fuskantar Birnin Ƙonni. Kasuwarta ta ranar Lahadi na cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin: shanu da raƙuma da tumaki da jajayen awakin Sakkwato suna shigowa daga ƙetare, a loda su a manyan motoci zuwa biranen ƙasar nan. Mazauna ƙauyukan da ke kewaye, irin su Gidan Katta da Araba da Kalmalo, noma da kiwo da fatauci ne abin dogaronsu. Lokacin da aka rufe iyakar a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kowane gida a yankin ya ji a jikinsa.

A irin wannan wuri, darasin halittu ya shafi rayuwar yaro ta yau da kullum fiye da yadda ya shafi ɗan birni. Yaron Gidan Katta yana kwana kusa da turke, yana ɗebo ruwa, yana wanka a kududdufi da damina. Yarinya kuwa tana goyon ƙanenta, tana tatsar akuya, tana taya uwa surfe da girki. Abin da suka fahimta game da ƙwaro da tsutsa da ruwa shi ke yanke hukunci kan lafiyarsu.

A ɗauki tsargiya, wato fitsarin jini. Tsutsar da ke haddasa ta tana girma ne a cikin ƙaramin dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Mai ɗauke da ita idan ya yi fitsari a ruwa sai ƙwayayenta su koma wa dodon koɗin, haka abin zai yi ta zagayawa. Ana raba wa 'yan makaranta maganinta a wurare da dama, amma yaron da bai gane wannan zagaye ba zai sha magani yau, gobe ya koma ruwan. A wasu ƙauyukan har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji. Malamin da zai kawar da wannan fahimta sai ya yi magana da harshen da aka gina ta da shi.

Haka zazzaɓin cizon sauro. Sauro yana zuba ƙwai ne a ruwan da ke tsaye, a tsohuwar taya ko fasasshiyar tukunya, kuma cikin kwana goma ko makamancin haka ƙwan ya zama sauro mai tashi idan akwai zafi. Darasi ne da za a iya nunawa da kwalba guda da ruwan kwata, yara su gani da idonsu. Haka cutar saifa da ke kashe dabba farat ɗaya, wadda hukumomi suka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023, bayan gargaɗin da aka yi kan cin ganda. Ɗan makiyayin da ya san cewa ba a feɗe irin wannan mushe, ba a kuma sayar da fatarsa, ya kare gidansu, ya kuma kare mai sayen nama a Kano ko Abuja.

Akwai kuma cutar zaizayar baki da likitoci ke kira Noma, wadda ke farawa da kumburin dasashi ta cinye kumatu cikin 'yan kwanaki. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida da ke fama da tamowa. A Sakkwato aka kafa asibiti na musamman dominta a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Idan aka gano ta da wuri, magani da abinci da tsabtar baki suna tsayar da ita. Wadda ta fi kusa da bakin ƙaramin yaro a ƙauye sau da yawa yayarsa ce 'yar aji huɗu da ke goyonsa.

Abin da gwaji ya nuna

Muhawarar harshen koyarwa ba sabuwa ba ce a Najeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi na musamman. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma, kuma sun fi su a wasu darussan. A nan Arewa, shirin Mu Karanta da Hukumar Raya Ƙasashe ta Amurka ta tallafa wa a jihohin Sakkwato da Bauchi ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, aka kuma horar da malamai a kansu. Aikin ya tsaya ne a karatu da rubutu. Kimiyya ba ta samu irin wannan gata ba.

A ɗaya gefen iyakar, Nijar ta fara gwajin makarantun da ke haɗa harshen gida da Faransanci tun cikin shekarun 1970, kuma a 2025 mahukuntan ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A shekara guda ke nan ƙasashen biyu suka ɗauki hanyoyi mabambanta, alhali yaran Gidan Katta da na Ƙonni harshe ɗaya suke yi, kasuwa ɗaya iyayensu ke ci.

Masu goyon bayan matakin ministan suna da hujjojin da ba za a raina ba. Najeriya na da harsuna sama da 500, kuma a ajin birni ana iya samun yara masu harsuna biyar ko shida. Da Turanci ake rubuta jarrabawa, da shi ake neman aikin gwamnati, da shi ake cike takardun kwastan a bakin iyakar Illela. Iyaye da dama a birane suna biyan kuɗi mai yawa domin 'ya'yansu su iya shi, kuma ba adalci ba ne a hana ɗan talaka abin da ɗan mai hali ke samu. Sai dai koyon Turanci daban, koyon kimiyya da Turancin da ba a riga an iya ba daban. A Illela kuwa matsalar yawan harsuna ba ta da ƙarfi, domin Fulani da Buzaye da sauran mazauna yankin da Hausa suke hulɗa. Abin da aka saba gani a makarantun karkara shi ne malami ya rubuta Turanci a allo, yara su maimaita da ƙarfi, sannan ya yi bayani da Hausa iya ƙoƙarinsa, ba tare da littafi ko horo a kan hakan ba. Sabon matakin ba zai hana wannan ba. Abin da zai iya yi shi ne ya rufe ƙofar samar wa malamin kayan aikin da zai inganta shi.

Yunwa ma na cikin lissafi

Ko da an daidaita batun harshe, yaro mai jin yunwa ba ya riƙe darasi. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun farko wajen talauci mai fuskoki da yawa, inda kusan kashi 90 cikin 100 na jama'arta ke ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da aka fara a 2016 ya jawo yara da yawa zuwa makaranta a jihohin da ya gudana, amma a Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi saboda binciken zargin almundahana. A ƙauyen da ranar kasuwa ke nufin samun na cefane, yaron da ba shi da tabbacin loma a makaranta yakan zaɓi talla ko kiwo.

A nan ne lambun makaranta ke da amfani biyu. Fili kaɗan na zogale da wake da rama da albasa ya isa a koyar da tsirowar iri, aikin saiwa da ganye, da amfanin taki. Abin da aka girba kuma ya shiga tukunya ko asusun makaranta. Dasa itatuwa a harabar makaranta a yankin da hamada ke matsowa darasi ne da yaro zai girma yana kallo.

Inda jiha ke da iko

Kundin tsarin mulki bai bar ilimi a hannun Abuja ita kaɗai ba. Jihohi da ƙananan hukumomi ne ke tafiyar da makarantun firamare, su ke ɗaukar malamai, su ke biyan su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa musu, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason. Sakkwato, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi tun 2015, tana da damar da za ta yi amfani da ita ba tare da ta saɓa wa manhaja ba.

Hukumar SUBEB ta jihar na iya samar da jagorar malami mai harshe biyu a darasin kimiyya da lafiya, inda kowace kalmar Turanci ke tare da bayaninta da Hausa da misalin da yaro ya sani. Masanan da za su yi aikin suna nan a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ke da masana Hausa da tsangayar likitan dabbobi, da kuma cibiyar horar da malamai mai ɗauke da sunan Shehu Shagari. Malaman asibiti da malaman dabbobi da ke aiki a Illela na iya shiga aji sau ɗaya a zango su yi bayani. Kwamitocin iyaye da ke kula da makarantu na iya ɗaukar nauyin randa da sabulu da shingen lambu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwangilar biliyoyin naira.

A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon sama da kilomita 1,000, kuma daga Illela ta faro. Idan ta kammala, dabbobi da albasar yankin za su isa kudu cikin sauri fiye da da, haka ma duk wata cutar da ke jikinsu. Yaran da ke aji ɗaya a Gidan Katta a yau su ne makiyaya da dillalai da ma'aikatan lafiyar da za su tsaya a bakin wannan hanya nan da shekara goma sha biyar. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawarar da Ma'aikatar Ilimi ta Sakkwato za ta yanke kan littafin kimiyyar da zai shiga hannun malaminsu ita za ta nuna ko za su fito da haddar kalmomi, ko kuwa da sanin dalilin da ya sa ba a wanka a ruwan da ke tsaye.