RA'AYINMU: Zinariya Ko Azurfa, Ajiyar Da Ba Ta Saɓa Wa Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk shekara idan kaka ta yi, manoman masara a Doguwa da na shinkafa a Tudun Wada, da masu noman rani a gefen ruwan Tiga ta ƙasar Bebeji, da masu kai kaya Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, sukan wayi gari da kuɗi a hannu, sa'an nan tambaya guda ta taso musu: ina za a ajiye wannan gumi don kada ya narke kafin buƙatarsa ta zo? Da yawa sun fara karkata ga zinariya da azurfa, wasu suna sayen sulalla, wasu sarƙa da warwaro. Mun ga ya wajaba mu faɗi matsayinmu, domin al'amarin ya shafi aljihu, ya kuma shafi lahira.

Tsoron da ya kawo wannan tunani ba na banza ba ne. Lokacin da aka fito da naira a 1973 ta fi dalar Amurka daraja. Daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, sai ta kama gangara. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura naira 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekara. Kowa kuma yana tune da farkon 2023, lokacin canjin takardun kuɗi, yadda mutum yake da dukiya a banki amma ya rasa abin cefane. Ba wannan ne karon farko ba. Kakanninmu sun tara wuri a buhuna, har Turawan fatauci suka cika kasuwa da shi a ƙarni na 19, darajarsa ta zube, daga bisani mulkin mallaka ya kawar da shi. Liyarin azurfa kuwa, wanda ake buga masa shekarar 1780, har gobe maƙera suna sayensa saboda azurfar da ke jikinsa. Masana tarihi sun ruwaito cewa Alhasan Ɗantata, haifaffen Bebeji, ya kai sulallan azurfa lodin raƙuma 20 lokacin da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929. Ashe ajiya da ma'adinin nan biyu ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu.

Shari'a ma da su ta yi awo. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira nauyinsa giram 4.25 ne, dirhamin shari'a kuma ya kusa giram 3. Da su ake gane nisabin zakka da diyya, da mafi ƙarancin sadaki, wato rubu'in dinari a mazhabar Malikiyya. Saboda haka mallakarsu halal ne, amma da ƙa'idoji waɗanda jahilcinsu kan jefa mutum cikin riba yana tsammanin ciniki yake yi.

Abu na farko, wanne za a zaɓa? Mai ƙaramin ƙarfi azurfa ta fi masa sauƙin shiga, ana kuma iya sayar da ita kaɗan-kaɗan, sai dai tana da nauyin ajiya, farashinta ya fi yawan hawa da sauka, masu sayenta a kasuwanninmu kuma ba su kai na zinariya yawa ba. Zinariya tana tara dukiya mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, ba a kuma rasa mai sayenta a birnin Kano. Wanda yake tanadin aikin Hajji ko aurar da 'ya nan da shekaru biyar, zinariya ta fi dacewa da shi. Amma wanda zai nemi kuɗinsa da faɗuwar damina don sayen taki da iri, kada ya kusanci ko ɗaya, domin ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa za ta cinye masa wani yanki na jarinsa.

Abu na biyu, a sayi nauyi da tsantsa, a bar ruɗin ado. Zinariya mai karat 24 ita ce tsantsa. Mai karat 22 kashi 91.6 cikin ɗari ce, mai 21 kashi 87.5, mai 18 kuma kashi 75, shi ya sa ake ganin hatimin 916 ko 875 ko 750 a jikinsu. Sulen zinariya na Ingila, alal misali, nauyinsa ya kusa giram 8 a kan karat 22, kuma saboda sanannen awo ne ba a cika jayayya a kansa ba. Sarƙa da 'yan kunne kuwa akwai kuɗin ƙira a kansu, wanda ba ya dawowa ranar sayarwa. Haka nan jerin sulallan da ake zubawa cikin akwati mai ƙyalli, a ce na tarihi ne ko kaɗan aka buga, a ninka musu kuɗi. Wannan ƙarin ya dogara ne ga samun wani mai sha'awa irin taka, kuma ba a samunsa a kasuwar ƙauye. Hatimi kansa ana yin na jabu, don haka a auna a gaban mai saye, a gwada a wurin masani amintacce, a karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat.

Abu na uku shi ne mafi haɗari. Hadisin Ubadatu ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya shar'anta cewa musayar zinariya da zinariya, ko azurfa da azurfa, sai nauyi ya zo daidai kuma a yi hannu da hannu, idan jinsi ya bambanta an yarda da fifiko amma ba a yarda da jinkiri ba. Malaman fiƙihu na wannan zamani sun ba takardar kuɗi hukuncin zinariya da azurfa a wannan babi. Ke nan sayen zinariya bashi, ko biya kaɗan-kaɗan bayan an karɓi kaya, ko biyan kuɗi yau a karɓi kaya wani mako, duk ba su halatta ba. Matar da take son canza tsohuwar sarƙa da sabuwa ta yi ciko, hanyar tsira ita ce ta sayar da tsohuwar ta karɓi kuɗinta, sa'an nan ta sayi sabuwar. Muna kuma jan kunnen matasa game da masu tallar zinariya ta waya, waɗanda ke alkawarin riba tsayayya duk wata alhali ba wanda ya taɓa ganin zinariyar. Wanda bai manta da yadda MMM ta rushe da dukiyar jama'a a 2016 ba, ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Abu na huɗu, zakka. Aya ta 34 da ta 35 a cikin Suratut Tauba sun yi narkon azaba mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa ba su ciyarwa a tafarkin Allah, kuma Abdullahi ɗan Umar ya bayyana cewa dukiyar da aka fitar wa zakka ba ta shiga wannan narko. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wato kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Idan shekara ta zagayo ana fitar da ɗaya bisa arba'in, mai giram 100 zai ba da giram biyu da rabi ko ƙimarsu a farashin ranar. Ana haɗa zinariya da azurfa da kuɗin hannu wajen cika nisabi. A Malikiyya kayan adon da mace take sawa babu zakka a kansu, amma wanda ya sayi sarƙa da niyyar ajiyar dukiya ya rataya wa matarsa suna kawai, to, ya sani Allah ba a yi masa wayo.

Kada kuma wani ya ɗauka zinariya ba ta faɗuwa. A farkon 1980 oza guda ta kai dala 850, a 1999 ta dawo wajen dala 250. A 2011 ta kusa dala 1,900, a ƙarshen 2015 ta sauko kusan 1,050. Ta haura dala 4,000 a 2025, amma wanda ya ga hawa ya tuna da sauka. Ban da haka zinariya ba ta haihuwa kamar tunkiya, ba ta tsiro kamar masara, ba ta ba ɗan kowa aikin yi. Kuskure ne babba manomi ya sayar da gonar gado ko shanun huɗa don ya ƙulle ƙarfe a akwati. Abin da ya yi saura bayan abincin gida da jarin noma da biyan bashi, shi ake ajiyewa, shi ma wani sashe nasa.

Daga ƙarshe, mazauna kewayen dajin Falgore sun san abin da ɓarayi suka yi wa dukiyar jama'a, saboda haka ajiya tana son sirri. Sai dai sirrin kada ya kai ga binne dukiya a rami a mutu ba wanda ya sani, a bar marayu da yunwa. A rubuta nauyi da adadi da wurin ajiya, a sanar da amintattu biyu. Muna kira ga malamanmu na rassan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da su karantar da babin musayar kuɗi da na zakka a masallatai da makarantun matan aure kafin kaka ta ƙare, 'yan kasuwarmu kuma su ji tsoron Allah a kan ma'auni.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga riba, Ya sa abin da muka tara ya zama hujja gare mu ranar gobe ƙiyama. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.