Tawakkali Ba Ya Hana Sa Safar Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A daminar bana, a kan hanyar Rano zuwa Kibiya, na ga wani saurayi goye da injin feshi yana feshin maganin ciyawa a gonar masara. Ƙafarsa ba takalmi, hancinsa a buɗe, ruwan maganin kuma yana ɗiga a gadon bayansa. Da muka gaisa na ce masa, "Ɗan'uwa, ina takunkuminka da safar hannu?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai Allah ne ke tsarewa."

Gaskiya ya faɗa, Allah ne ke tsarewa. Amma a ganina ya ɗauki rabin karatu ya bar rabi, kuma da yawanmu haka muke.

Manzon Allah (SAW) ya fi kowa tawakkali, duk da haka a ranar Uhudu ya sanya sulke biyu da kwalkwali. A Suratul Anbiya, aya ta 80, Allah Ya ambaci koya wa Annabi Dawuda (AS) ƙirar sulke a matsayin ni'imar da ake gode wa. Sayyidina Umar (RA) kuma, da ya sami labarin annoba a ƙasar Sham, sai ya juya da jama'arsa, bai ga hakan a matsayin raunin imani ba. To mu wane ne da za mu ce kayan kariya na matsorata ne?

Maganin feshi guba ne, yana shiga jiki ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. Wanda ake kira Paraquat yana lalata huhu, kuma ba shi da makari, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Ku duba gindin kwalbar magani, za ku ga zane mai launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mutum nawa ne cikinmu ke dubawa kafin ya dama?

Kuma cutar ba ta tsayawa a gona. Mu tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Haka mai feshi ke komawa gida da jiƙaƙƙiyar riga ya ɗauki ɗansa, ko a wanke jarkar magani a zuba ruwan sha. Jikinka amana ne, iyalinka kuma amana ce ta biyu.

Na san za a ce da tsada, kuma da zafi. Haka ne, takalmin roba a ranar damina ba daɗi. Amma ku auna kuɗin safar hannu da kuɗin kwana uku a gadon asibiti. Wanda bai samu cikakkun kaya ba, ya sa riga mai dogon hannu da dogon wando, kada ya dama magani da hannu, kada ya yi feshi yana fuskantar iska, kada ya ci goro ko abinci sai ya wanke da sabulu, sannan a wanke kayan aikin daban da na yara. Haka mai walda da tabaransa, da mai fasa dutse da hular kwanonsa.

Sai ku masu gonaki da masu ɗaukar 'yan ƙwadago. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar wa ma'aikata kayan kariya. Ko da jami'in gwamnati bai taɓa taka gonarka ba, ai Shari'a ta riga ta hana cutarwa. Ka biya yaro ladan feshi, ka bar shi da ciwon ƙirji, me za ka ce gobe kiyama?

Ina kira ga limamanmu na Rano da Kibiya su sa wannan batu cikin huɗubar Juma'a kafin faɗuwar damina. Mu kuma matasa mu fara da kanmu: mu sa kariya, mu yi bismillah, sannan mu dogara ga Allah.

Allah Ya tsare mu, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.