An Doke Su, An Hana Su Lauya

Ranar da na fara shiga gidan tsare baƙin haure, wata huɗu kacal bayan na karɓi takardar digirina na farko, sai da na wuce ƙofofin ƙarfe biyar kafin na isa ɗakin ganawa. An karɓe wayata, an zazzage jakata, an sa na cire takalma. Mutumin da na je gani ya fito cikin rigar fursuna mai ruwan lemo, gandiroba na biye da shi. Amma a idon dokar Amurka wannan gida ba kurkuku ba ne, kuma korar da ake shirin yi wa mutumin nan daga ƙasar ba hukunci ba ce. Wai sha'anin gudanar da mulki ne kawai, tamkar a soke lasisin shago. A kan wannan suna da aka laƙaba wa lamarin aka gina hujjar hana shi lauya, ni kuwa da wannan hujja nake faɗa.

Ni ba lauya ba ce. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko sannan ya shiga makarantar koyon aikin lauya, ni kuma a matakin farkon nake tsaye. Aikina a wata ƙungiya mai bayar da agajin shari'a kyauta a birnin New York shi ne tattara takardu, cike fom, sauraron labarin waɗanda aka tsare, da yin tafinta idan an samu mai jin Hausa. Ƙaramin aiki ne, amma daga ƙasa aka fi ganin inda gini ya tsage.

Mutumin nan na ranar farko dattijo ne ɗan Nijar. Da na ce masa, "Baba, ina wuni, ya ƙarfin hali?" sai ya dafa tebur ya ce, "'Yata, Hausa nake ji ko kunnena ne ke yaudarata?" Da biza ya shigo, wa'adinta ya ƙare ya zauna, ya yi shekara goma sha huɗu yana wankin mota da dako a kantuna, bai taɓa kwana a hannun 'yan sanda ba. Ya riga ya yanke shawarar cewa idan an kai shi gaban alƙali zai ce a mayar da shi gida, domin abokan ɗakinsa sun gaya masa cewa duk wanda ya yi jayayya watanni zai ƙara a kulle, ƙarshe kuma a kore shi. Sai can cikin hira, ba don ya ɗauka yana da amfani ba, ya ambaci cewa ƙaramar 'yarsa, haifaffiyar unguwar Bronx, tana fama da ciwon sikila.

Abin da Baba bai sani ba shi ne, dokar da za a kore shi da ita, ita ce kuma ta tanadi ƙofa domin irinsa. Wanda ya shekara goma a jere a ƙasar, aka shaide shi da kyakkyawan hali, kuma korarsa za ta jefa ɗansa ko matarsa ko mahaifinsa ɗan ƙasa cikin matsananciyar wahala wadda ta wuce misali, yana iya roƙon alƙali ya soke korar ya ba shi izinin zama. Ƙofar ƙunci gare ta, mutum 4,000 kaɗai ake iya bai wa a shekara, amma tana nan. An ce wajibi ne alƙali ya sanar da mutum idan ya ga alamar ya cancanci wani sassauci. To, daga ina zai ga alamar, in ba daga bakin mai maganar ba? Dattijon da tarbiyyarsa ta hana shi tallar ciwon 'yarsa a gaban baƙi ba zai furta ba sai an zauna an tambaye shi da harshensa.

Mu koma tushen maganar. A shekarar 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Clarence Gideon, wani talaka da aka ɗaure a Florida bisa zargin fasa shago bayan an ƙi ba shi lauya, wanda ya rubuta ƙorafinsa da fensir daga kurkuku. Kotun ta ce dole gwamnati ta ɗaukar wa matalaucin da ake tuhuma da babban laifi lauya. Da aka sake shari'ar da lauya a gefensa, wanke shi aka yi. A 1972 aka faɗaɗa wannan haƙƙi ya shafi duk shari'ar da za ta kai mutum kurkuku, ko da na kwana ɗaya ne. Amurkawa suna alfahari da wannan, kuma sun cancanci su yi. Amma dokar shige da fice cewa ta yi baƙo yana da damar zuwa da lauya, matuƙar dai gwamnati ba za ta kashe ko sisi ba. Wato wanda ya saci kwalbar lemo za a ba shi lauya, wanda za a raba da 'ya'yansa har abada kuwa sai ya nemo da kuɗinsa, daga cikin ɗakin da aka kulle shi.

Wannan bambanci ya samo asali ne daga hukuncin 1893 a shari'ar Fong Yue Ting, inda kotun ta ce kora ba horo ba ce. Ya kamata mai karatu ya san irin dokar da aka kare a wannan shari'a. Doka ce ta 1892 da ta tilasta wa leburori 'yan ƙasar Sin mallakar takardar shaidar zama, wanda aka kama babu ita kuma sai ya kawo shaida farar fata kafin a saurari uzurinsa. Alƙalai uku sun ƙi amincewa da hukuncin tun a ranar. Ƙa'idar da aka haifa a irin wannan gida ita ce har yau take yanke wa dubban mutane makoma, an dai sake mata riga ne kawai. Kotun da kanta ta amince a 2010, a shari'ar Padilla, cewa kora horo ne mai tsanani, amma ta tsaya a nan ba ta ƙarasa maganar ba.

Ga yadda zauren yake. Alƙalin shige da fice ma'aikacin Ma'aikatar Shari'a ne, a ƙarƙashin Antoni Janar yake, ba a ɓangaren shari'a mai cin gashin kansa ba. A gefe guda lauyan gwamnati ne, ƙwararre, da fayil a gabansa. A ɗaya gefen mutum ne shi kaɗai, wani lokaci ma ta allon bidiyo ake nuno shi, tafinta kuma murya ce a waya da ke yankewa. Fom ɗin neman mafaka da Turanci za a cike shi, duk hujjar da ke cikin wani harshe sai an fassara an haɗa da shaidar mai fassara, kuma tun daga dokar 1996 wanda ya wuce shekara guda da shigowa bai nema ba ya makara, sai in ya iya kawo uzurin da doka ta yarda da shi. Idan beli yake nema, a ƙa'ida shi ne zai tabbatar cewa ba zai gudu ba kuma ba shi da haɗari, mafi ƙarancin kuɗin belin kuwa dala 1,500 ne. Har ƙananan yara ana gurfanar da su a haka. Masu bincike biyu, Ingrid Eagly da Steven Shafer, sun duba shari'o'i sama da miliyan ɗaya na tsakanin 2007 da 2012, suka gano cewa kashi 37 cikin ɗari ne kawai na baƙin suka samu lauya; a cikin waɗanda ke tsare kuwa, kashi 14.

Na san amsar da ake bayarwa, domin na ji ta daga bakin Amurkawa, na kuma ji ta a gida daga bakin 'yan'uwana: su suka kai kansu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda zai zauna a cikinta. Ban musa ikon ba. Da yawa daga cikin waɗanda na zauna da su ba su da wata ƙofa a doka, kuma lauyoyinmu sukan gaya musu gaskiya tun ranar farko, su tafi ba tare da sun ɓata watanni a kulle ba. Amma cewa "su suka kai kansu" yanke hukunci ne kafin a saurari shari'a. Wa ya karya doka, wa doka ta kare, wa ma ɗan ƙasa ne, ai su ne tambayoyin da aka kafa kotun domin ta amsa. A 2008 hukumomin Amurka sun kori Mark Lyttle zuwa Meziko, mutumin da aka haifa a jihar North Carolina, mai fama da taɓin hankali, wanda ba ya jin Sifaniyanci. Ba shi da lauya. Ya yi kusan wata huɗu yana gararamba a ƙasashen da bai san kowa ba kafin ya dawo.

Mu ma da muke saurin cewa a koro su, mun san irin wannan. A farkon 1980 gwamnatin tarayyar Najeriya ta kwashi Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ta jefa shi Cadi da sunan cewa baƙo ne. Kotu a Maiduguri ce ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Da ɗan dako ne a kasuwa, wa zai shigar da ƙara a madadinsa?

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce mafi rauni. Gwamnatin da ta ce ba ta da abin biyan lauyan baƙo tana biyan nata lauyan, tana biyan alƙali da gandiroba da jirgin kora, tana kuma biyan kamfanoni masu zaman kansu kuɗin gadon da aka tsare shi a kai kowace rana. An kuma riga an gwada. A 2013 aka fara wani shiri a New York na bai wa duk matalaucin da ke tsare lauya a kotun titin Varick, ba tare da an zaɓi masu shari'a mai ƙarfi ba. Cibiyar Vera ta nazarci shirin a 2017, ta ƙiyasta cewa masu yin nasara za su kai kashi 48 cikin ɗari, alhali a da, a tsakanin marasa lauya, kashi 4 ne. Ba a canza doka ba, ba a canza alƙalai ba. Ma'anar wannan tazara ita ce shekara da shekaru ana korar mutanen da dokar ƙasar da kanta ta ce su zauna, kuma masu iko sun san haka. Abin takaicin shi ne haƙƙin ya zama sa'a: ya danganta da garin da aka kama mutum da kuma garin da aka kai shi.

Baba ya samu beli. Jama'ar masallacinsu ne suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, shari'arsa tana nan tafe, ni kuma ina bin asibiti ina tattara takardun 'yarsa. Amma a makon da ya fito na gana da wani matashi, ɗan shekara ashirin da uku, sa'ana kusan, wanda ya nuna mini tabon da ke bayansa ya ce, "Yaya, ki rubuta duka, kada ki rage." Na rubuta shafi tara. Muka yi alkawarin ranar Litinin zan dawo da lauya. Da muka je aka ce an ɗauke shi da daddare zuwa Louisiana, nisan fiye da mil dubu, inda ƙungiyarmu ba ta da hurumi. Na kira duk lambar da na samu a can, kowa ya ce hannunsa a cike yake. Shi kaɗai ya tsaya gaban alƙali. Wasiƙar likitan da ya ɗinke masa bayan, wadda yayansa ya sha wahala kafin ya samo, ta iso ofishinmu kwana tara bayan jirginsa ya tashi, tana nan cikin fayil ɗinsa tare da shafuka taran.