A Daina Ɗora wa Shinkafar Kura Laifin Ciwon Daji

Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, mai cewa wanda ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa ya bar shinkafa da tuwo ya koma man shanu da ƙwai da kitse, ya iso Kura da Bunkure, har 'yan boko sun karɓe shi hannu bibbiyu. Wai daji da sukari yake rayuwa, in ka hana shi sai yunwa ta kashe shi. Wannan ganganci ne da ran bayin Allah.

Wannan abincin da masu yaɗa saƙon suke kira keto ba don daji aka tsara shi ba. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya fito da shi domin masu farfaɗiya, kuma a nan ya yi amfani. Za su ce ai Otto Warburg na Jamus ya gano ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari fiye da kima. To sai me? Ko ƙwayar shinkafa ba ka ci ba, hantarka za ta ƙera sukarin ta zuba a jini. Masu bincike a jami'ar UCLA sun nuna cewa gliyoblastoma, mafi muni a dajin ƙwaƙwalwa, yana iya cin kitsen ma ya ci gaba da girma. A Jamus an gwada abincin a kan majinyata 20, sakamakon ya fito a 2014: shi kaɗai bai tare cutar ba. Sauran galibi labarin ɓeraye ne a ɗakin gwaji.

Sannan wa ake gaya wa haka? Manomin da tun da aka gina dam ɗin Tiga a shekarun 1970 ruwan kanal ke shayar masa da shinkafa da alkama a Kadawa. Abin da ya noma yana ɗaki, a ce haramun ne gare shi, ya sayar da buhu ya sayi kwalbar man shanu, alhali kuɗin hoton ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ya gagare shi! Majinyacin da dama ya rame, yana amai, a ƙara masa da yunwa.

Ni dai na san masu wannan hali. Su ne masu lasifika a kasuwa, masu sayen fili a rediyo, masu garin magani guda na basir da sanyi da hawan jini. Shekara da shekaru muna faɗa, hukuma ta yi kunnen uwar shegu. Yanzu sun sa kwat, sun koyi kalmomin Turanci biyu, sun koma waya. Cikinsu har da waɗanda suka daɗe suna kushe shinkafar gida, wai tsakuwa gare ta, suna rububin 'yar waje. Ba su taɓa shiga laka sun yi dashe ba.

Ciwon kai mai tsanani da asuba, amai, gani garara-garara, farfaɗiyar da ta fara wa babba rana tsaka: wanda ya ga waɗannan a gidansa ya nemi mota zuwa Kano, ya ga likitan ƙwaƙwalwa a makon nan. In likitan da ke duba majinyacin ya ce a sauya abinci, wannan daban. Kafin nan, Hajiya, zuba masa tuwonsa ya ci.