Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Karatun Aikin Jinya

Jama'a, a wannan mako maganarmu da iyaye ce da ɗalibai na Kudancin Jihar Kaduna, musamman waɗanda ke fatar ganin 'ya'yansu sun zama nas-nas. A Kafanchan akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna, a Zonkwa kuma akwai makarantar ungozoma ta St. Louis, saboda haka yaro ko yarinya da suka tashi a Kagoro, ko Kwoi, ko Kachia, ba baƙin ganin farin kayan asibiti ba ne. Amma sha'awa kaɗai ba ta kai mutum jami'a.

Tun shekarar 1965 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin jinya, yau kuwa ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wasunta suna bayarwa. Karatun shekara 5 ne, kuma ba wanda zai taɓa majinyaci da sunan nas sai Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta jarraba shi ta yi masa rajista.

To, ina ƙofar shiga? Ana bukatar kiredit a darussa 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci, da Lissafi, da Bayoloji, da Kimistiri, da Fizis. Daga nan sai jarrabawar JAMB, wadda ake yi da kwamfuta, inda ɗalibi zai amsa Turanci da darussan kimiyyar nan guda 3, a kan maki 400. Masu nema suna da yawa, gurabe kuwa kaɗan ne, don haka wanda ya tsallake da ƙyar, da wuya sunansa ya fito.

Abin da ya kamata kowane uba ya gane shi ne, ana yanke wannan hukunci ne tun ranar da yaro ya shiga aji 4 na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai tsakanin ajin kimiyya da sauran azuzuwa. Yarinyar da ta guje wa Fizis don tana tsoron lissafi, ta rufe wa kanta ƙofa shekara 3 kafin ta zo ƙwanƙwasawa. Sau da yawa iyaye ba su farga sai sakamako ya fito, sa'an nan a shiga sayar da citta da masara ana biyan kuɗin sake jarrabawa.

Saboda haka muna ba iyaye shawara su taka da ƙafarsu zuwa makaranta, su tambayi shugabanta tambaya biyu: shin akwai malamin Kimistiri da na Fizis? Shin akwai ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki? Dalili kuwa shi ne, jarrabawar tana da sashen gwaji na hannu, kuma yaron da bai taɓa riƙe kwalbar awo ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi. Idan makaranta ba ta da su, ƙungiyar iyaye da malamai ta tashi tsaye, ko kuwa a nema wa yaro canji tun da wuri.

Ku kuma ɗalibai, ku riƙe Turanci da kyau, domin da shi ake rubuta rahoton majinyaci, ku riƙe Lissafi, domin da shi ake auna magani, kuskuren awo kuwa yana iya cin rai. Ku nemi inda za ku saba da kwamfuta kafin ranar JAMB. Lokacin hutu ku nemi wata nas a cikin dangi ko unguwa ta faɗa muku gaskiyar aikin, da kwanan dare, da ganin jini, da haƙuri da mai ciwo, don ku auna zuciyarku tun yanzu.

Asibitocin karkararmu suna jiran 'ya'yan da suka san harshen mutanen wurin. Mu shirya su tun daga aji 4. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.